Kowa yana yabon dambun, amma ciniki ya ƙi motsi

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Shekara biyu ke nan ina dambun nama a gida ina zubawa a roba. Duk wanda ya ɗanɗana sai ya yaba. Na buɗe shafi a Instagram, mabiyana sun haura 8,000. Na biya wata mai barkwanci a TikTok naira 50,000 ta tallata mini, na kuma rage farashin roba daga 5,000 zuwa 4,500. Mutane suna ta tambaya 'nawa ne?', in na faɗa sai su yi shiru. Wasu sun ce babu kuɗi ne a gari, wasu sun ce hannu aka sa mini. Ina matsalar take?"

Malama, Allah Ya sa albarka a nema. Na daɗe ina harkar rarraba kayan masarufi daga kasuwar Singa zuwa shagunan unguwa, daga baya na koma zama da masu ƙananan sana'o'i muna duba lissafinsu tare, don haka irin wannan kuka na sha jin sa. Ba ki yi ragwanci ba. Duk abin da aka ce miki a yi, kin yi. Sai dai kowane mataki da kika ɗauka ya ginu ne a kan wata fahimta da ta bazu a tsakanin 'yan kasuwarmu, manya da ƙanana, kuma fahimtar ce ba daidai ba.

Mu fara da yabon. Su wane ne suka ɗanɗana? In 'yan'uwa ne da ƙawaye da maƙwabta, kuma kyauta kika ba su, to kada ki gina komai a kai. Bahaushe ba ya cin abin hannunki ya kushe a gabanki, akwai kara. Yabon da ake dogara da shi a kasuwa guda ɗaya ne: mutumin da ba ki haɗa komai da shi ba ya biya kuɗinsa, ya ci, sannan ya dawo ya sake biya. Ki ƙirga irin waɗannan a cikin shekara biyun nan, su ne ainihin ma'aunin dambunki.

To mu ƙaddara ma babu dambun da ya kai naki a duk faɗin Kano. Wannan ba zai kai shi hannun kowa ba. Maganar da muke yawan yi cewa kaya mai kyau shi yake sayar da kansa ta kashe sana'o'i da yawa, saboda tana sa mai sana'a ta zuba duk ƙarfinta a kan tukunya, sannan ta zauna jira. Dubi Indomie. Yau babu mai shayin da za ki je teburinsa ba ki ga kwalinta ba, har yara suna ɗauka abincin gado ne. Amma a 1988, lokacin da kamfanin Tolaram ya fara shigo da ita Najeriya daga Indunusiya, mutane ba su san ta ba. Shugabannin kamfanin da kansu sun sha ba da labarin cewa wasu da suka gan ta a farko sun zaci tsutsa ake sayar musu. Taliyar da ake so yau ita ce dai ta wancan lokacin. Abin da ya canja shi ne aikin da aka yi a kewayenta: an riƙa dafawa ana rabawa a ɗanɗana, musamman ga yara, an koya wa mutane yadda ake girka ta, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun, daga baya aka ƙara wasu har da ta Kaduna, kuma kamfanin ya kafa nasa reshen rarraba kaya da nasa motocin don kada ya dogara da wani wajen kai ta lungu da saƙo. Tallan talabijin da waƙoƙin da muke tunawa ɓangare ne kawai. Babban aikin shi ne a tabbatar duk yaron da aka aika da kuɗi zai same ta a shagon bakin layinsu.

Wannan ne ya kawo mu kuskure na biyu, wanda a ganina shi ne uwar sauran. Mun ɗauka talla ita ce sanarwa: a ɗora hoto, a yi bidiyo, a sa wani sananne ya ambaci sunanki. Sanarwa ita ce ƙarshen aikin. Kafin ita akwai tambayoyin da sai an amsa su: wa zai saya, don me zai saya, yaushe buƙatar take taso masa, nawa aljihunsa zai ɗauka a lokaci guda, kuma ta wace hanya kayan zai isa gare shi. In kika tambayi masu sana'a goma su wane ne kwastomominsu, yawancinsu za su ce "kowa da kowa". Wanda yake magana da kowa da kowa babu wanda yake jin da shi ake.

Ki zauna ki yi tunanin masu sayen dambu da gaske. Akwai uwar da 'yarta za ta koma makarantar kwana, tana neman abin da yarinyar za ta riƙa barbaɗawa a kan shinkafa ko garin kwaki, wanda ba zai yi saurin lalacewa a akwati ba. Wannan uwar daɗewa take saye kafin daɗi. Akwai ɗalibin jami'a a BUK ko ABU da ba zai iya fitar da 5,000 a tashi ɗaya ba, amma zai iya fitar da 1,000 sau biyar a wata. Akwai dangin amarya masu haɗa gara, su kuma yawa suke so da kyan gani, don za a buɗe a gaban dangin miji, kuma ba sa son a ji kunya. Akwai mai zuwa barka da take son riƙe wa mai jego abin da ya fi sabulu. Akwai ma'aikaciyar da take Abuja ko Legas tana kewar na gida, ita kuɗi ba ya damun ta, damuwarta ya iso lafiya man bai tsiyaye ba. Mutum biyar ke nan, buƙata biyar, farashi biyar, lokaci biyar. Ke kuma roba ɗaya kika miƙa musu duka, farashi ɗaya, da rubutu ɗaya a ƙarƙashin hoto: "dambu mai daɗi, a turo oda". Ban ce ki bi duka biyar ɗin ba. Ki zaɓi biyu, ki san su ciki da bai, ki daina damuwa da sauran tukuna.

Batun mabiya 8,000 kuwa, yawan mabiya ba ya nuna yawan masu saye. A cikinsu akwai 'yan kallo, akwai masu irin sana'arki da suke leƙen farashinki, akwai waɗanda suke garuruwan da ba kya aikawa, akwai waɗanda suka danna don an yi alƙawarin kyauta. Kuma manhajar ba ta nuna abin da kika ɗora ga dukansu, kaɗan ne daga ciki suke gani. Haka zancen mai barkwancin. Masu kallonta dariya suka je nema, yawancinsu kuma matasa ne da ba su ne masu cefanen gida ba. Ba na cewa biyan sananne ɓarnar kuɗi ne a kowane hali, amma kafin a biya ana yin lissafi. Mu ce kowace roba tana cin miki 4,000 tsakanin nama da mai da kayan ƙamshi da gas da robar kanta, kina sayarwa 5,000. Ribarki 1,000. Kafin 50,000 ɗin nan ta dawo, sai kin sayar da roba 50 a kan waɗanda dama kike sayarwa. Kin ƙirga nawa ne suka zo ta dalilinta? Yawanci ba a ƙirgawa. Ana ganin mabiya sun ƙaru, waya tana ta ƙara, rai ya yi daɗi, shi ke nan. Tambaya ɗaya tak ga duk sabon mai saye, "a ina kika ga tallanmu?", ki rubuta amsar, ta ishe ki sanin inda ya kamata kuɗinki ya tafi a gaba. Sau tari za ki tarar matar da take da zauren WhatsApp na iyayen yara 'yan makaranta ɗaya, wadda ba ta da suna a ko'ina, ta fi sananniyar kawo miki ciniki, kuma roba ɗaya ta ɗanɗano ce ladanta.

Ki kuma tuna a shafin nan haya kike, gidan ba naki ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter tun daga watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, waɗanda kasuwarsu take can suka shiga wani hali. Ban da masu sace shafi da ake fama da su kullum. Abin da yake naki shi ne littafin da kika rubuta sunayen waɗanda suka taɓa saye, da lambobinsu, da abin da suka saya, da ranar. Wanda yake da irin wannan littafi mai suna 200 ya fi mai mabiya 8,000 da bai san ko ɗaya a cikinsu ba.

Yanzu ga wurin da nake ganin kuɗinki yake zubewa kullum: masu tambayar "nawa ne?" su ɓace. Waɗannan fa talla ta riga ta yi aikinta a kansu, ta kawo su har bakin ƙofa. Abin da ya rage ciniki ne, shi kuma aiki ne dabam mai nasa ilimin. Mutane da yawa sun ɗauka da talla da ciniki abu ɗaya ne, sai ciniki ya ƙi faɗawa su ƙara kuɗin talla. Ki shiga Kantin Kwari wata rana ki tsaya kusa da shagon wani tsohon hannu, ki saurara. Mace ta tsaya ta nuna atamfa ta ce nawa. Ba zai jefa mata lamba ya koma kan wayarsa ba. Zai ce, "Hajiya bismillah, shigo daga ciki, ga kujera. Ta biki ce ko ta zaman gida? Anko ne? Ku nawa ne?" Kafin ya ambaci kuɗi ya riga ya san abin da ya kawo ta. Sai ya sauko da turmi uku, ba talatin ba, ya warware ɗaya ya ɗora mata a hannu ta ji nauyinsa. In ta taya ƙasa ya ce "albarka" da fara'a, ya nuna mata wata da ta yi daidai da abin da ta taya. In ta juya za ta tafi ya ce, "Hajiya dawo mana, nawa za ki ƙara?" Ko ba ta saya ba, za ta fita tana jin an mutunta ta, kuma ta san shagon.

Yanzu ki buɗe wayarki ki karanta amsoshin da kika bayar a makon nan. Ina kyautata zaton da yawansu haka suke: an ce "Slm, nawa ne?", bayan awa uku kin ce "4,500", daga nan shiru. Gwada wannan a maimakonsa: "Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da zuwa. Babbar roba 5,000, ƙarama 2,000. Na ci a gida ne ko tafiya za a yi da shi? In na 'yan makaranta ne akwai wanda nake ƙara soyawa ya bushe sosai." Kin ba ta farashi, kin ba ta zaɓi, kin kuma yi mata tambayar da za ta sa ta ci gaba da magana. In ta yi shiru, washegari ki sake tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi: "Hajiya, ranar Alhamis zan soya sabo, in sa da naki?" Wannan ba naci ba ne. Sau da yawa ba ƙi ta yi ba, yaro ne ya yi kuka ta ajiye wayar, ko tana jiran albashi, ko sai ta tambayi maigida. Sau ɗaya ko biyu ya isa, fiye da haka ya zama takura.

Akwai kuma al'adar nan ta ɓoye farashi a ce sai an biyo ta akwatin saƙo. Ana cewa dabara ce ta jan mutum zuwa hira. Ni ban yarda da ita ba ga irin kayanki. Mutanenmu suna jin nauyin su tambaya sannan su kasa saye, don haka mai kunya ba za ta tambaya ba sam, za ta wuce wurin wadda ta rubuta nata a fili. Wasu kuma suna zargin ana duba hoton mutum ne kafin a yanka masa kuɗi. Rubuta farashi a ƙarƙashin hoto, waɗanda za su biyo ki daga nan sun riga sun amince da shi.

Sannan ki sa kanki a matsayin mai sayen. Za ta tura kuɗi ga wadda ba ta taɓa gani ba, a kan naman da aka daka aka soya har ba a gane asalinsa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ta san waɗanda aka damfara a intanet. Shirun da take yi ba lallai tsada ce ta jawo shi ba, tsoro ne. Me kika yi don cire mata shi? Ki ɗauki bidiyon naman tun yana ɗanye a faranti, a ga jan nama ne na sa, a ga tsaftar wurin da ake aiki. Sunan da yake kan asusun banki ya zo daidai da sunan da yake kan shafi, don babu abin da yake tsinka zuciyar mai tiransifa kamar ya ga wani suna dabam ya fito. In hali ya yi, ki yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusu da shi. Ki manna sitika mai ɗauke da lambar wayarki da ranar da aka soya. Ranar da kika yi niyyar shiga manyan kantuna kuma za su nemi lambar NAFDAC, gara ki san da haka tun yanzu.

Rage farashin da kika yi shi ya fi ba ni tausayi, don shi ne matakin da ake ɗauka da kyakkyawar niyya kuma ya fi kowane cinye jari. Mu koma lissafin ɗazu. Roba tana cin 4,000, kina sayarwa 5,000, riba 1,000. Kin cire 500. A idon mai saye kashi 10 cikin 100 kika rage, abin da ba zai sa wanda bai yi niyya ba ya canja ra'ayi. A aljihunki kuwa rabin riba ce ta tafi. In da kina sayar da roba 20 ki samu 20,000, yanzu sai kin sayar da 40 kafin ki ga wannan kuɗin, da ninkin daka, ninkin tsayuwa a gaban wuta, ninkin gas. Kuɗin mai barkwancin ma yanzu sai roba 100 za su mayar da shi. Kuma tsofaffin kwastomominki da suke biyan 5,000 ba tare da ƙorafi ba, su ma kin yafe musu 500 da ba su roƙa ba, ranar da kika so komawa tsohon farashi kuma sai a ce kin yi ƙari.

Ban da lissafi, farashi yana magana. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan nama maganar ta fi ƙarfi: dambu ya cika araha, sai a fara tambayar naman mene ne. Ba mu kaɗai ba ne haka. A Indiya kamfanin Tata ya fito da wata ƙaramar mota mai suna Nano a 2009, a kan rupee 100,000 na kuɗin ƙasar, aka yi ta yayata ta a matsayin motar da ta fi kowace araha a duniya. An yi zaton masu babur za su yi rububinta. Ba a samu cinikin da aka zata ba, har aka daina ƙera ta a 2018, kuma Ratan Tata, wanda yake shugabantar kamfanin lokacin da aka fito da ita, da kansa ya amsa cewa kiran ta mafi araha kuskure ne. Mai sayen mota yana son a ga ya ci gaba, ba ya son a nuna shi a ce ga mai motar marasa hali. Mai haɗa garar 'yarta ma haka take.

Abin da ya kamata a taɓa shi ne girman abin da ake sayarwa. Kafin Cowbell ta shigo Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani aka fi saninta, sai mai hali. Kamfanin ya zuba ta a 'yan ƙananan leda da mai ƙaramin ƙarfi zai saya ya sha shayin safe ɗaya, sauran kamfanoni suka bi sahu dole. In kika auna, mai sayen ƙaramar leda ba ya samun ragi a kan mai sayen gwangwani, sau da yawa ma ya fi shi biya, amma abin da yake hannunsa a ranar ya isa. Haka Glo ta yi da ta fito a 2003. Kamfanonin da suka riga ta tun 2001 suna cajin minti ne cikakke, ko daƙiƙa goma ka yi, ita kuma ta zo da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, ba a jima ba su ma suka koma haka. Ke ma ki mayar da babbar robarki 5,000, ki fito da ta 2,000, ki ƙulla na 1,000 a leda mai kyau don ɗalibai. Ki tabbatar kin auna kowanne a sikeli kin fitar da ribarsa, don ƙananan sun fi cin kuɗin leda da sitika. In kina son kyautata wa wadda ta sayi da yawa, ki yi mata gyara da ɗan ƙullin yaji ko ƙarin cokali biyu. Gyara tana faranta rai, kuma ba ta karya farashi.

Wani abin da yake hana mutanen kirki iya ciniki shi ne zaton da suke yi cewa sai mai zaƙin baki, mai iya ƙarya da rantse-rantse, yake sayar da kaya. Sai su ga gara su yi shiru da su zama haka. Addininmu ya riga ya raba wannan gardama. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce rantsuwa tana sa kaya su shige, amma tana shafe albarka. Muslim kuma ya ruwaito cewa ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Algus na zamanin waya shi ne hoton da aka gyara har ya fi kayan kyau, da robar da ake cikawa don hoto a rage don aikawa, da saƙon yabo na ƙarya da mutum ya rubuta wa kansa, da "saura biyu kacal" alhali ga su nan jibge. Duk suna kawo cinikin farko. Sana'ar abinci kuwa a kan ciniki na biyu da na biyar take rayuwa. Mai iya ciniki na gaske tambaya ya fi yi a kan surutu, kuma yana iya cewa "wannan ba zai yi miki ba, ɗauki wancan", ko da wancan ɗin ya fi araha.

Shi ya sa nake mamakin yadda ake kashe kuɗi wajen neman baƙin fuska a bar waɗanda suka riga suka saya. Wadda ta saya wata uku da suka wuce ta san ɗanɗanon, ta san ba za ki gudu da kuɗinta ba, ba sai kin biya kowa ya gabatar da ke ba. Kin taɓa tambayar ta ko saƙon ya isa lafiya, ko yajin ya yi mata? In direban tasha ya yi jifa da kayan roba ta fashe, kin mayar mata da wata ko kin ce ba laifinki ba ne? Roba ɗaya da kika yi asara a irin wannan rana tana jawo miki gidansu gaba ɗaya.

A gefe guda ki kula da bashi. Yawan fitar kaya ba shi ne ciniki ba sai kuɗi ya shigo, kuma "zan turo anjima" ta durƙusar da masu sana'ar gida fiye da rashin kasuwa, musamman daga dangi. Ki kuma raba kuɗin sana'a da na cefane, ko da a asusu biyu na waya ne. In suna haɗe, ba za ki taɓa sanin ko riba kike ci ko uwar kuɗi ba.

Masu cewa babu kuɗi a gari ba su yi ƙarya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, kuma nama yana cikin abubuwan da gida yake fara ragewa. Amma ba a daina kai yara makaranta ba, ba a daina aure da haihuwa ba, kuma a garin nan akwai masu irin sana'arki da suke soyawa duk mako. Matsin ya canja yadda ake saye ne: kaɗan-kaɗan, kuma sai da dalili. Zancen an sa hannu kuwa, ki riƙe addu'a da azkar ɗinki, wannan babu mai hana ki. Sai dai kada ki bari ya kai ki ga zargin maƙwabciya ko 'yar'uwa ba tare da hujja ba, ko ki kwashi sauran jarin ki kai wa wani. Duk abin da kika lissafa a tambayarki yana da bayani a fili.

In ni ne ke, zan dakatar da biyan kuɗin talla na wata uku. Zan bi tsofaffin saƙonni in fitar da sunan duk wadda ta taɓa saye in rubuta a littafi. Mako biyu kafin komawar 'yan makarantar kwana zan tura wa iyayen cikinsu saƙo ɗaya-ɗaya da sunansu, in faɗi girma uku da farashinsu da ranar da zan rufe karɓar oda, in nemi rabin kuɗi kafin in sayi nama. Zan ajiye roba ɗaya a ɗaki ba a firij ba, in riƙa dubawa, don in an tambaye ni kwana nawa yake yi in ba da amsar da na gani da idona.

Akwai kuma wata ƙofa da ba ta buƙatar jarin nama ko kaɗan. Lokacin Babbar Sallah gidaje da yawa suna da nama fiye da yadda za su iya sarrafawa, ga rashin wuta, ga matan gidan ma'aikata ne ko sun gaji. Ki karɓi namansu ki mayar musu da shi dambu, su biya kuɗin aiki a kan kowane kilo. Ki auna a gaban mai kawowa, ki gaya masa tun farko cewa nama yana raguwa sosai in ya zama dambu don kada a zarge ki daga baya, kada kuma ki haɗa na gida biyu a tukunya ɗaya. Sanarwar ki fara ta tun cikin watan Zulƙida, ki ƙayyade adadin gidajen da ke da masu taya ki za ku iya gamawa a kwana uku na farko, in sun cika ki rufe.